Warin Takalmi

Briqueterie, Yawunde
8 ga Oktoba

Rahinatu,

Assalamu alaikum. Ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da ɗan baƙonmu Mika'ilu. Yaya jiki, yaya ruwan zafi? Ki yi wa Inna sannu da hidima, ki gaishe da duk mutanen Azare da suka tambaye ni. A waya ba na iya faɗa miki komai, layi yana yankewa, Inna kuma tana gefe tana ji. Shi ya sa na rubuta na ba Alhaji Na'Allah, tunda gobe zai hau jirgin ƙasa.

Ni ina nan yadda kika bar ni. Ruwa kullum, jan taɓo har idon sawu, hawa da gangara kamar an yanke wa mutum hukunci. Shekara goma sha ɗaya a garin nan, har yau in ɗan sanda ya tsayar da ni sai na waiga neman mai fassara. Keken ɗinki lafiyarsa ƙalau, bayana ne ya fara gajiya. Mohaman Bello mutumin Garwa kuwa yana nan da tukubarsa a ƙofar shagona, la'asar na yi zai turnuƙe ni da hayaƙin tsire. Shekara uku ke nan ba mu gaisa ba, tun ranar da farar shaddar ango ta sha ƙauri na faɗa masa abin da na faɗa. Ban sauko ba. Amma tsakani da Allah a wurin na tarar da shi, kuma duk unguwarmu ta Birik babu mai yaji kamar nasa. Wannan tsakanina da ke ne.

Saƙon Inna ya iso: in 'yarmu Zaitun ba ta sake ba, a haɗo ta da Hansai matar Na'Allah idan an yi hutun Disamba. Ba zan yi miki ƙarya ba, yarinyar ba ta sake ba. Hansai tana yi mata wanka da kitso, abinci ba ta rasa ba, amma wata guda ke nan a matarnel, makarantar ƙananan yara, ba ta buɗe baki ba. Malamarsu Madam Ngono ta ce saboda taɓo yara suna tuɓe takalma a bakin ƙofa, to nan 'yarki take zama, kusa da takalman, daga safe har a tashi. Sauran suna waƙa da Faransanci, wasu suna faɗa da Fulatanci, ita tana kallon ƙofa. Ni na nace ta zauna ta fara karatu don kada ta tashi kurma a garin mutane kamar ubanta. Na san laifin nawa ne.

Duk da haka ina roƙo a ba ni zuwa Disamba. Na san abin da zai biyo baya in ta tafi. Inna za ta ce ki zauna sai an yaye Mika'ilu, daga nan a ce sai ya yi wayo, ni kuma in tsufa a nan, daga ni sai keke sai hayaƙin mutumin Garwa.

Koren takalminki da kika nema ranar tafiya har kika kusa rasa jirgi, har yanzu ban ga warinsa ba. Na share ƙarƙashin gado, na zazzage kwandon wanki. Da alama gidan nan cin takalma yake, don jiya Zaitun ta dawo da ja a ƙafar dama, a hagu kuma wani shuɗin roba da ban san daga inda ya fito ba. Yara arba'in a aji ɗaya, malama ɗaya, me ake jira?

Ki shafa min kan Mika'ilu. Allah ya ƙara lafiya.

Mijinki,
Misbahu


Briqueterie, Yawunde
29 ga Oktoba

Rahinatu,

Sallama da gaisuwa. Yaya ƙarfin jiki, yaya mai sunan Baffa? An ce yana da hancina, Allah ya ba shi haƙuri. Ina gaida Inna.

Ina da labari mai daɗi da kuma na wauta, duka a kan takalmi.

Abin bai tsaya a rana ɗaya ba. Kullum Zaitun za ta tafi da ja da shuɗi, ta dawo da ja da shuɗi, sai dai ƙafar ce take canzawa. Yau shuɗin yana hagu, gobe yana dama. Na saya mata sababbin jajaye a kasuwar Mokolo, washegari ta dawo da wari ɗaya sabo, ɗayan kuwa shuɗin nan dai. Raina ya ɓaci. Na ce lalle wata ce mai ƙarfi take ƙwace wa marainiyar Allah kaya don ta ga ba ta magana. Na rufe shago, na sa hula, na tafi da Faransancina da bai fi cikin cokali ba.

Na yi faɗa sosai, rabi da baki rabi da hannu. Madam Ngono ta bari na gama, sannan ta kama hannun rigata ta kai ni bayan taga, ta nuna min agogo, ta sa yatsa a baki. Na gane cewa in tsaya in yi shiru. Matar nan na ɗora mata laifi a wasiƙar da ta wuce, na janye. Wanda zai zauna da yara arba'in bai ɗaga murya ba ya fi ni.

Ga abin da na gani. Zaitun tana wurinta na bakin ƙofa, amma ba ita kaɗai ba. Akwai wata 'yar siririya mai wushirya zaune kusa da ita, kafaɗa na taɓa kafaɗa. Ba sa magana, ba sa ma kallon juna. Waccan tana jera murafan kwalba, tamu ma tana jera nata. In waccan ta kife ɗaya, tamu ta kife ɗaya. Da aka fito da abincin tara, fanken da na saya mata ta gutsura ta ajiye a gwiwar yarinyar ba tare da ta juya ba, ita kuma ta miƙo mata rabin ayaba. Malamar ta ce min, ta bakin wata uwa da ta fassara, sati uku suna haka. Yarinyar Fulatanci take ji, tamu Hausa, ba wadda ta san abin da 'yar'uwarta take cewa, kuma ba wadda abin ya dama.

Da aka kaɗa ƙararrawa sai suka ruga wurin takalma. Zaitun ta ɗauki shuɗi ɗaya, waccan ta ɗauki ja ɗaya, suka sa, suka haɗa ƙafafu suna kallo, suka buga ƙasa sau uku, sai dariya. Rahinatu, tun watan Agusta ban ji dariyar yarinyar nan ba. Na ma manta tana da wannan 'yar shaƙuwar a ƙarshen dariyarta, irin taki. Na tsaya a bayan taga ina share ido da hula, ina cewa ruwa ne ya shigar min.

To ga wautar. Ina juyowa sai ga wanda ya zo ɗaukar mai wushiryar. Mohaman Bello. Sunanta Kaltuma, autarsa ce. Duk yaran Yawunde, daga unguwar Madagaskar har Etudi, 'yata ba ta ga wadda za ta zaɓa ba sai 'yar mai hayaƙi. Ya kalli ƙafar 'yarsa, ya kalli ta tawa, ya kalle ni. Na ga bakinsa yana motsi kamar zai yi murmushi, wannan ne ya ƙona min rai. Na durƙusa na cire shuɗin daga ƙafar Zaitun na ajiye a gabansa, na karɓi namu, na ce kowa ya riƙe nasa. Ya saɓa 'yarsa ya tafi.

Zaitun ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Har muka iso gida tana waiwaye. Na san za ki ce me ya haɗa yara da faɗan manya. Na riga ki faɗa wa kaina. Ki yi min addu'a, girman kai ciwo ne.

Naki,
Misbahu


Briqueterie, Yawunde
6 ga Nuwamba

Rahinatu,

Amincin Allah ya tabbata a gare ki. Barka da arba'in, Allah ya raya mana. Ina fatan Inna ta huta da hura wuta. Wannan ta biyo bayan waccan da sauri don kada ki zauna da haushina.

Washegarin abin da na yi, Kaltuma ba ta zo makaranta ba. Rana ta biyu ma haka. Zaitun ta koma bakin ƙofa, fankenta yana dawowa gida yadda ya tafi. Rana ta uku ta ƙi sa takalmi gaba ɗaya, na kai ta a kafaɗa. Na fara lissafin kayan da zan haɗa mata na tafiya Azare, don na ga na faɗi.

Ranar Asabar da hantsi Hansai ta zo neman ƙyalle za ta yi tsumma. Ta zura hannu can ƙasan buhun ƙyallayen da Zaitun take wasa a kai, sai ta zaro koren takalminki. An naɗe shi da guntun leshi, an ɗaure da zare. Zaitun tana gani ta yi tsalle ta ƙwace ta rungume. Hansai ta lallashe ta, ta tambaye ta me ya sa ta ɓoye. Ga amsar da ta bayar, ban ƙara ko harafi ba: "In takalmin mutum yana wurinka, dole ya dawo ya ɗauka. Na Umma yana wurina. Na Kaltuma Baba ya mayar."

Kin ji. Ashe ranar da kike ta neman takalmi kina faɗa, tana zaune a kan buhu tana kallonki. Ta yi zaton ba za ki iya fita ba. Da kika sa wani kika tafi, sai ta riƙe wannan jingina. Da ta sami wadda ranta ya kwanta da ita, ta yi mata irin wannan dabarar, don ta tabbata gobe za ta gan ta. Ni kuma na zo da hulata na warware, yarinyar kuwa ta ɓace washegari. A lissafin 'yar shekara huɗu, ni na kore ta.

Na daɗe zaune a kan keke ban taka ba. Sannan na sa mata jajayen takalmanta, na kama hannunta, muka tsallaka titi muka shiga lungun su Mohaman Bello. Taku arba'in ne, na ƙirga, amma hawan Mokolo da buhu a ka ya fi shi sauƙi. Na yi sallama. Shekara uku ban ba mutumin nan sallama ba. Ya fito da wuƙa a hannu yana yankan nama, ya amsa min cikakkiya har da wa barakatuhu, don dai ya nuna min ya fi ni.

Ashe zazzaɓin sauro ne ya kwantar da Kaltuma, an yi mata allurai, ta fara samun sauƙi. Ya ce da Hausarsa ta mutanen Garwa, wadda mace take zama namiji a ciki: "Tela, yarinya na ya ƙi sha magani, ya ce sai an kawo jan takalmi. Ni ina zan samo, mai shi ba ya gaisuwa." Na ce ai ga mai shi ya zo. Ya ce ya gani, har ya ɗauka gobara ce ta koro ni.

Zaitun ba ta jira mu ba. Ta shige ɗaki kamar gidan ubanta. Da matarsa ta ɗaga labule muka leƙa, ta hau katifa, ta cire ja ɗaya ta cusa a ƙarƙashin matashin Kaltuma, ta laluba ƙarƙashin gado ta ɗauko shuɗi ta sa. Ba gaisuwa, ba yaya jiki. Suka kwanta kai da kai suna kallon rufi. Can sai Kaltuma ta ce wani abu da Fulatanci, tamu ta amsa da Hausa, abin da ba shi da alaƙa da juna ko kaɗan, suka fashe da dariya. Maganin ma a gabanmu ta shanye, Zaitun tana riƙe mata kofi tana yamutsa fuska a madadinta.

Na ba shi haƙuri a kan maganar da na faɗa shekara uku da suka wuce. Ya ce ya manta abin da na ce, sannan ya maimaita min ita kalma da kalma. Ya naɗo min tsire a takarda. Na ci, Rahinatu. A gabansa na ci, har na lashe yatsa.

Litinin Kaltuma ta koma makaranta. 'Yarki ta dube ni ta ce, "Ka gani?" Na ce na gani.

Ki gaida kowa.

Misbahu


Briqueterie, Yawunde
12 ga Disamba

Rahinatu,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya sanyin Azare, yaya Mika'ilu? Na ji an ce ya fara gane mutane. Ki riƙa nuna masa hotona kada ya ɗauka Awalu ƙaninki ne ubansa.

Gidanki ya zama kasuwa. Ana tashi daga makaranta su biyun suke zubewa a ƙofar shago. Kaltuma tana soke ganyen mangwaro a tsinken tsintsiya tana barbaɗa jar ƙasa, ita ce mai tsire. Zaitun tana auna ta da zare tana tsaki tana cewa bayanta ya gaji, wai ni ke nan. Har tsakin nawa ta iya. Sun haɗa wani yare nasu, Hausa da Fulatanci da Faransancin malama, ba mai ji sai su. Zaitun tana kiran Kaltuma sobajo, wai ƙawa ke nan da Fulatanci. Jiya na ji ta ƙirga har goma da Faransanci, ta gyara min yadda nake faɗin takwas.

Kada ki ɗauka kullum lafiya ake. Sau uku suke ɓatawa kafin la'asar. Shekaranjiya a kan murfin kwalba ɗaya Zaitun ta ce ta daina ƙawance har abada, Kaltuma ta cire jan takalmi ta yi jifa da shi. Na miƙe zan shiga tsakani, Mohaman Bello ya ɗaga min hannu daga tukuba, ya ce in zauna, mu da muka yi shekara uku ba mu da bakin yin sulhu. Kafin in gama ɗinke hannun riga ɗaya sun koma suna ciyar da 'yar tsana. Yanzu ma sun ja wani yaro Alim cikin wasan, shi ne mai sayen tsire, amma ba a ba shi takalmi ba tukuna. Madam Ngono ta ce Zaitun ta bar bakin ƙofa, har ta yi mata laifin surutu. Ban taɓa jin daɗin ƙarar da aka kawo min kamar wannan ba.

Hayaƙi yana nan, kada ki ce an yi mu'ujiza. Ya ja tukubar taku biyu zuwa gabas, ni kuma na ɗinka labule mai kauri na rataya, fararen kaya na mayar da su ciki. Da tun farko haka muka yi. Na ɗinka wa yaran anko na bikin rufe makaranta daga ragowar atamfa. Matarsa ta so ta saya musu takalma iri ɗaya, na ce kada ta soma, in suka zama iri ɗaya da me za su yi musaya?

Jibi Na'Allah da Hansai za su taso. Na yi alkawarin Disamba, kuma ban ɓoye wa yarinyar ba. Na tambaye ta ko za ta bi su wurin Umma. Ta yi tunani ta ce za ta je in Kaltuma za ta shiga cikin jaka. Na ce ba za ta shiga ba. Ta ce to Umma ta zo, ai takalminta yana nan.

Ban haɗo ta ba. Ki ba Inna haƙuri, ki karanta mata wasiƙun nan in kin ga dama, ban da wurin tsiren. In bayan haka kun ce a kawo ta, ni da kaina zan kawo ta, ba zan yi gardama ba. Garin nan bai canza ba, har yanzu ba na son ruwansa da hawansa, kuma na san kin fi samun hutu a gaban Inna. Ba ni da abin da zan yi miki kwaɗayi da shi sai mu biyu.

Na aiko da atamfa biyu da 'yan riguna na Mika'ilu. Hansai ta sa koren takalmin a cikin ƙunshin, ta ce a kai miki ki haɗa da ɗan'uwansa. Da ta fita na zare shi. Ba Zaitun ce ta sa ni ba.

Mijinki,
Misbahu


Briqueterie, Yawunde
4 ga Janairu

Rahinatu,

Wa alaikumus salam, tunda wannan amsa ce. Ina fatan kuna lafiya kamar yadda muke.

Na'Allah ya iso jiya da azahar, ya miƙo min ɗan ƙunshi. Na taɓa na ji siffar takalmi. Na ce shi ke nan, ta aiko da ɗayan koren, ma'ana mu riƙe duka biyun ba ta bukata. Na kasa kwancewa. Mohaman Bello ne ya zo ya yanke zaren da wuƙar namansa, yana cewa tela guda ya kasa kwance ƙulli.

Sai ga ɗan takalmin saƙa na jariri, fari, bai kai tsawon babban yatsana ba. Wari ɗaya. Da 'yar takardarki mai layi biyu: ranar ashirin ga wata, jirgin safe, kuma Inna ta ce a gaida mai tsire.

Ni sai da na karanta sau uku. Zaitun ko takardar ba ta kalla ba. Ta ɗauki ɗan takalmin ta juya shi, ta ce, "Yanzu su biyu ne dole su zo." Ta ruga ta nuna wa Kaltuma, suka gwada wa 'yar tsana, suka gwada wa kyanwar Hansai, da ƙyar na ƙwato shi. Yanzu yana cikin buhun ƙyalle tare da naki, an naɗe su wuri ɗaya, kuma an hana ni taɓawa.

Za mu zo tasha mu huɗu, don Kaltuma ta ce ita ma Mika'ilu ƙaninta ne, ubanta kuma ya ce ba zai bar ni in yi ciniki da mai tasi da wannan Faransancin nawa ba. In kin leƙo ta taga, ki nemi yara biyu masu anko, kowace da ja da shuɗi. Dogon da ke bayansu yana ɓata rai, ni ne. Koren yana aljihuna. Ki sa ɗayan ki sauko.

Naki har kullum,
Misbahu